Yadda Za Ka Zaɓi Kalar Fenti Don Haskaka Korido Mai Duhu

A yawancin gidajen da ake ginawa yanzu a Kano, Kaduna, Katsina, Zariya har zuwa Maraɗi, korido shi ne wurin da ba a tunawa da shi sai an gama gini. An ba falo tagoginsa, kowane ɗaki ya samu tasa, kicin ma haka. Abin da ya rage a tsakiya shi ne siririyar hanyar nan da ke tashi daga falo, ta bi ta ƙofofin ɗakunan kwana, ta dire a banɗaki ko sito. Ba taga, faɗi bai fi ƙafa huɗu ba, ƙofofi dama da hagu. Da rana tsaka sai an kunna ƙwan lantarki, in kuwa an ɗauke wuta sai fitilar waya. Amma nan ne tsohuwa ke bi ta je alwala da asuba, nan yara ke guje-gujensu, nan ake ratsawa da tiren abinci. Duhunsa ba ƙaramin abu ba ne.

Idan ka kira mai fenti, amsar da za ka fi ji ita ce: "Alhaji, a buga masa fari kawai, zai washe." Akwai gaskiya a maganar, amma rabinta ce. Fenti ba ya samar da haske, wanda ya sauka a kansa yake mayarwa. Fari fat a wurin da rana ke dukansa yana ɗaukar ido, amma a wurin da haske bai isa ba sai ya dusashe ya koma toka-toka, kusurwoyi su yi dishi-dishi, gidan ya yi sanyin da ba a so. Saboda haka ba daga shagon fenti aikin yake farawa ba.

Fara da sanin hasken da kake da shi

Ka ware yini guda ka lura da wurin. Da hantsi ka tsaya a cikinsa, ƙwai a kashe, ƙofofi yadda aka saba barinsu. Ka sake dubawa bayan azahar, da la'asar sakaliya, sannan da dare an kunna wuta. Abu biyu kake nema: ta ina hasken yake shigowa, kuma wane iri ne. Ɗakin da tagarsa ke kallon gabas zai zubo da haske da safe, ya janye kafin azahar. Na yamma sai la'asar yake kawo nasa, mai ɗan ja-ja. Idan kuma tagar tana kallon katangar maƙwabci ce da ba a yi wa fenti ba, abin da zai iso korido haske ne mai ruwan siminti, wanda ya riga ya gaji tun kafin ya shigo. Labule mai kauri ma yana cinye rabon korido ba tare da an ankara ba.

A gidaje da yawa za ka tarar gaskiyar magana ita ce ƙwan lantarki ne ranar wurin. To, shi za a fara gyarawa kafin a taɓa bokitin fenti, domin a ƙarƙashinsa za a riƙa ganin kalar. Ka duba kwalin ƙwan LED, za ka ga lamba mai harafin K a ƙarshe. Mai 6500K shi ne farin nan mai ɗan shuɗi da ya cika kasuwa. Mai 2700K ko 3000K yana ba da haske mai ɗumi, mai karkata ga ruwan ɗorawa. Mai 4000K yana tsakani, kuma shi na fi so a korido: ba ya sa bango ya yi sanyi, ba ya kuma mayar da ruwan madara ruwan ƙwai. Ƙarfin haske kuwa da lumen ake auna shi, ba da wat ba. Ƙwan LED mai wat 9 yakan ba da kimanin lumen 800. A korido mai tsawon mita shida, ƙananan ƙwayaye biyu ko uku da aka jera a tazara ɗaya sun fi babba guda a tsakiya, domin guda ɗayan zai haske ƙarƙashinsa ne kawai, ya bar ƙarshen nan biyu a inuwa. Kuma su zama iri ɗaya. Ƙwai fari a nan, mai ɗumi a can, yana sa bango guda ya fito da kala biyu.

In gidan yana da sola ko inbata, a tabbata an haɗa aƙalla ƙwai ɗaya na korido a kai. In kuma ana cikin gini ne tukuna, a roƙi magini ya bar 'yar tagar gilashi a saman kowace ƙofa. Gilashi mai hazo yana wuce da haske ba tare da an ga cikin ɗaki ba, kuma babu fentin da zai yi maka abin da wannan 'yar tagar za ta yi.

Sai a duba lafiyar bangon

Korido yakan haɗa bango da banɗaki, kuma iska ba ta ratsa shi sosai. Ka shafa tafin hannunka a ƙasan bangon, kamar ƙafa biyu daga daɓe. Idan ka ji sanyi-sanyi, ko ka ga fenti ya kumbura yana ɓarewa, ko wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, akwai danshi. Ko dai fayif ne ke yoyo a cikin bango, ko ruwa na bi ta tsakanin tayil ɗin banɗaki, ko kuma damina ce ke tura shi daga ƙasa. A kira mai gyaran famfo ko birkila a magance tushen, a bar bangon ya bushe. Fenti mai haske ya fi kowane iri tona asirin danshi, don tabon zai fito a kansa ƙarara. Baƙin ɗigo-ɗigon da danshi ke haifarwa a wanke shi da bilic da aka tsarma da ruwa, da safar hannu, ƙofofi a buɗe. Kada a kuskura a gauraya bilic da ruwan wankin masai, hayaƙin da ke tashi guba ne, balle a wuri matsattse.

Sabuwar filasta tana buƙatar kamar mako huɗu ta bushe kafin fenti, sannan a fara mata da fentin shimfiɗa, wanda masu sana'ar ke kira firaima, irin mai jure kaifin siminti. Tsohon bango kuma a kankare duk abin da ya saki, a cike tsaga da ramuka, a goge da samfefa, a share ƙurar. In tsohon fentin na mai ne mai sheƙi, sai an kashe sheƙin da samfefa kafin fentin ruwa ya kama. A ɗan jiƙa wurin yayin gugar, a sa takunkumi, a kuma fitar da yara, domin wasu tsofaffin fentin mai, musamman masu ruwan ɗorawa da ja, suna ɗauke da dalma.

Akwai dalilin da ya sa nake matsa wa mutane su yi wa korido sikiridin, wato siririn shafen da ake yi a kan filasta don bango ya yi sumul, ko da ba su yi wa sauran ɗakuna ba. A ɗaki, haske yana fuskantar bango ne. A korido kuwa daga ƙarshe yake shigowa, ya bi jikin bangon a kwance, don haka duk tudu da kwarin da cokalin birkila ya bari sai ya yi inuwa. Ka gwada da kanka: ka manna tocila a jikin bangon da dare ka haska ta tsawonsa. Abin da ka gani, shi ido zai riƙa gani kullum bayan an yi fenti.

Yanzu a zo kan kala

Kowace kala tana da gwargwadon hasken da take mayarwa. Kamfanonin fenti suna auna wannan da lambar da ake rubutawa LRV, daga 0 zuwa 100. Baƙi ƙirin yana can ƙasa kusa da 5, fararen fenti kuma sukan kai 85 ko su ɗan haura. Wasu katunan kala suna ɗauke da lambar a baya, wasu kuma sai a shafin kamfanin a intanet. Ga bangon korido ka nemi 70 zuwa sama, silin kuma 80 zuwa sama.

Me ya sa lambar ta fi muhimmanci a nan fiye da falo? Saboda a wuri matsattse haske ba ya isa ƙarshe kai tsaye. Yana dukan bangon dama, ya koma na hagu, ya sake dawowa. Bangon da ke mayar da kashi 80 cikin 100, bayan karo uku saura kashi 51. Wanda ke mayar da kashi 50, bayan karo uku abin da ya rage bai kai kashi 13 ba. A kan kati, kalolin nan biyu ba su yi nisa da juna ba can, amma a ƙarshen korido ɗaya ya ninka ɗaya kusan sau huɗu. Idan katin da ke hannunka ba shi da lamba, ka ɗora shi kan farar takarda ka ɗauki hoto da waya, ka mayar da hoton baƙi da fari. Kalar da ta fito kusa da farin takardar ita ce mai haske, wadda ta koma toka mai duhu ka ajiye ta, komai kyanta.

A cikin kaloli masu haske, waɗanda suka fi amsa mini a irin wannan wuri su ne masu ɗan ɗumi. Na farko shi ne fari mai sirkin madara, wanda ba ka gane ba fari fat ba ne sai ka kara shi da takarda. Na biye da shi ruwan madara sosai, wanda a shago ake ce wa kirim. Sai ruwan yashi mai haske, da ruwan hoda da aka tsarma ƙwarai har ya kusa zama fari. Waɗannan ko a inuwa ba sa mutuwa, suna riƙe da ɗan ɗuminsu. Suna da wata fa'ida kuma da ta shafe mu: ƙurar hunturu kalarta kusa take da tasu, don haka ba ta nunawa a kansu kamar yadda take yi a kan fari fat ko shuɗi.

Ruwan toka ya shiga yayi, kuma yana yin kyau a falo mai manyan tagogi. A korido marar taga ba na ba da shawararsa. Toka a ƙarƙashin ƙwai mai 6500K sai ta koma kamar ba a gama ginin ba. Wanda ya nace, ya nemi mai haske ƙwarai wadda ta karkata ga ruwan ƙasa, ya haɗa ta da ƙwai mai ɗumi. Ruwan sararin samaniya da kore mai haske suna sa bango ya yi kamar ya ja baya, suna kuma kwantar da ido a lokacin zafi, amma suna son hasken rana na gaske. In koridonka yana da taga ko ƙofar da ke fita tsakar gida, za ka iya gwada su. In babu, da wuya su yi maka yadda kake zato. Ruwan ɗorawa mai ƙarfi da ruwan lemo kuwa, mutane sukan ɗauka za su kawo rana cikin gida. Abin da ke faruwa shi ne bangayen biyu suna watsa wa juna kalar, ta ninku, har fuskar mai wucewa da farar rigarsa su rine. Wannan ninkuwar tana samun kowace kala a wuri matsattse, shi ya sa in ka ga wadda ta kwanta maka a kati, wadda ta fi ta haske da mataki ɗaya a jerin kalolin katin za ka saya.

Kada a manta da abin da ba za a canza ba. Tayil ɗin ƙasa da ƙofofi suna nan, kuma da su fentin zai zauna. Tayil mai ruwan ƙasa ko ruwan zuma yana tafiya da madara da yashi. Mai toka ko fari mai jijiyar baƙi ya fi son fari mai sirki kaɗan, don kirim mai yawan ɗorawa kusa da shi yakan fito kamar ya yi datti. Ka kuma tsaya a falo ka leƙa: kalar korido da ta falo za a riƙa ganinsu tare. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki kalar falon a sauko da ita mataki biyu ko uku wajen haske.

Silin, ƙofofi da bangon ƙarshe

Silin ya zama fari marar sheƙi, ko na POP ne ko na kwali. Nan ne fari fat yake da gurbi, domin shi ke karɓar hasken ƙwai ya watsa shi ƙasa. Silin PVC mai zanen katako ko mai duhu yana danne korido, in da hali a sauya shi da fari. Idan silin ya yi ƙasa, a shafa masa kalar bangon ko wadda ta fi ta haske kaɗan, iyakar da ke tsakaninsu ta ɓace, sai ido ya ga tsayi. Idan kuma ya yi sama da yawa har wurin ya zurma, a sauko da farin silin kamar taƙi ɗaya ko biyu a kan bango.

Ƙofofi su ne abin da aka fi mantawa. Ƙofa guda mai faɗin santimita 90 da tsayin mita 2.1 ta kusa murabba'in mita biyu. Huɗu a korido mai tsawon mita shida sun cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na bangon. In duka masu ruwan makuba ne, irin na ƙarfe ko na katako da ake shigowa da su daga Turkiyya da Sin, to kashi ɗaya cikin biyar na wurin yana shanye haske komai farin da ka shafa a gefe. Ƙofar katako ta gida a yi mata kalar bangon ko fari, ita da firam ɗinta, sai ta saje, wurin ya daina yankewa gunduwa-gunduwa. Ta ƙarfe ma tana karɓar fenti in an goge ta an sa mata firaimar ƙarfe. Wadda aka lulluɓe da leda mai zanen katako kuwa gara a bar ta, a haskaka abin da ke kewaye da ita. Sikatin, wato siririn layin da ke bin gindin bango, in na tayil ne ya bi kalar daɓen, in na fenti ne ya bi ta bango. Baƙin sikatin yana zana layi biyu da ke ƙara nuna ƙuncin wurin.

Bangon da ke can ƙarshe, wanda kake fuskanta in ka shigo, shi kaɗai ne wurin da za ka iya sakin hannu. Kala mai ɗan nauyi da ɗumi a nan, kamar ruwan jar ƙasa mai laushi ko ruwan goro da aka tsarma, tana sa bangon ya yi kamar ya matso, sai tsawon ya ragu a ido, faɗin ya ƙaru. Amma da sharaɗi: a sa masa ƙwai a kusa. In babu haske a kansa, rami kawai zai zama. Idan a wannan bangon taga take, a bar shi da haske, har da kaurin bangon da ke kewaye da tagar a shafa masa fari.

Madubi yana taimakawa in an rataye shi inda zai kama haske daga ƙofa ko taga. Kafin a kafa ƙusa dai, wani ya zauna a kujerar baƙi a falo ya duba abin da madubin ke nunawa. Kada garin neman haske a buɗe wa baƙo cikin ɗakin matan gida.

Mai sheƙi ko marar sheƙi

A korido jiki yana gogar bango. Hannun babbar riga, gefen mayafi, jakar makaranta, yatsun yaro da ya tashi daga cin tuwo da miyar manja, duk a nan suke sauka. Fentin ruwa mai arha, wanda in ka shafa hannu yake barin gari, ba na nan ba ne: zai ɓata wa mutane kaya, kuma ba ya wankuwa. Bambancin yana cikin abin da aka zuba. Fenti mai kyau yana da isasshen sinadarin titaniyam, wanda shi ke ba da farin da ke rufe bango, da isasshen danƙon da ke riƙe shi. Mai arha alli ya fi yawa a cikinsa, shi ya sa ake shafawa sau uku ana hango tsohuwar kala. Araha ba ta ado, kuma korido ƙaramin wuri ne, kuɗin mai kyaun ba zai yi nauyi ba.

Abin da ya fi dacewa shi ne fentin ruwa mai ɗan sheƙi, wanda ake sayarwa da sunan satin ko silik. Yana goguwa da jiƙaƙƙen tsumma, yana kuma ɗan taimaka wa haske ya yi gaba. Sai dai yana son bango mai sumul. Idan ba a yi sikiridin ba, a nemi marar sheƙi irin wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana wankuwa, don shi yana ɓoye aibin filasta. Fentin mai mai ƙyalli a dukan bango kuskure ne: yana tara hasken ƙwai wuri guda ya kashe ido, yana fito da kowane tudu. Ga kuma wani halinsa da ba kowa ya sani ba, farin fentin mai yana komawa ruwan ɗorawa a wurin da rana ba ta shiga, fiye da yadda yake yi a sarari. Don haka ko a ƙofofi da firam, in an samu satin na ruwa da aka yi don katako da ƙarfe, shi ya fi. Tekskot mai ƙurji-ƙurji a bar wa waje. A ciki yana riƙe ƙura, yana kuje gwiwar hannu, kuma kowane ƙurji yana da 'yar inuwarsa.

Gida mai yara da yawa yakan so a raba bango biyu, ƙasa mai duhu, sama mai haske, irin na makarantu. Dabarar tana da amfani, amma a korido a sassauta ta. Ƙasan ya tsaya a kamar mita ɗaya, kuma ya fi saman nauyi da mataki ɗaya ko biyu kawai. Ko kuma a yi kala guda, ƙasa satin, sama marar sheƙi.

Wanda nasa soro ne ko lungun gidan ƙasa, farar ƙasa ta fi masa kowane fentin kanti. Tana da haske, tana barin bango ya yi numfashi. Fentin mai a kan ginin ƙasa yana kulle danshi a ciki, daga baya ya ɓamɓaro da yaɓen.

Gwaji kafin saye

Mace ba ta yanke hukunci a kan atamfa a ƙarƙashin fitilar shago, sai ta fito da ita bakin ƙofa ta gani. Fenti ma haka yake, sai dai shi a cikin koridon za a duba shi. Ka rage zaɓinka zuwa kala biyu ko uku, ka sayi ƙaramin gwangwani na kowace, ko ka sa a haɗa maka lita guda. Ka samu farin kwali ko falanki mai faɗin kamar rabin mita kowane gefe, ka shafa sau biyu, ka bari ya bushe sarai, don kalar jiƙaƙƙen fenti daban take da ta busasshe. Kwali ya fi shafawa a bango kai tsaye, domin tsohuwar kalar ba za ta ruɗi idonka ba, kuma za ka iya yawo da shi. Ka jingina shi a wurin da ya fi duhu, ka kai shi kusa da ƙofa, ka sauke shi ya taɓa tayil. Ka duba a lokutan nan da ka lura da su tun farko, da sabon ƙwan da ka sa, har da lokacin da babu wuta. A bar shi kwana biyu, uwargida da sauran masu bin wurin kullum su faɗi nasu. Hoton da ka gani a waya ba hujja ba ne, kowace waya da yadda take nuna kala.

Lissafi da ranar aiki

Ɗauki korido mai tsawon mita 6, faɗin mita 1.2, tsayin mita 3. Dogayen bangaye biyu sun ba da murabba'in mita 36, na ƙarshe 3.6, jimla kusan 40. Cire ƙofofi huɗu, saura kamar 32. Shafa biyu, 64 ke nan. Idan fentin yana rufe murabba'in mita 10 da lita guda, abin da ake buƙata bai kai lita 7 ba, wato galan biyu masu lita huɗu-huɗu sun isa har da ragowa. Silin bai fi lita biyu ba. Ka duba jikin bokitin don ganin abin da kamfanin ya rubuta, domin bango mai ƙishi yana sha fiye da haka. Ba sai ka sayi babban bokiti mai lita 20 ba, sai in za a haɗa da wasu ɗakuna.

Manyan kamfanoni irin su Dulux da Berger suna da shagunan da inji ke haɗa kala da lamba, kuma wannan ya fi tabbas. Idan mai fentinka ne zai haɗa da hannu, yana ɗiga kala a cikin fari, ka ce masa ya haɗa duk abin da za a buƙata a mazubi guda lokaci ɗaya. Haɗi na biyu ba ya taɓa zama daidai da na farko, kuma a dogon bango wurin da suka haɗu zai fito. Ku kuma yi magana a kan ruwa tun kafin a buɗe bokiti: "Malam, iya abin da aka rubuta a jiki za a zuba." Fentin da aka cika wa ruwa yana auki a ranar, amma ba ya rufewa, kuma hasken da ka biya kuɗi dominsa ba zai fito ba. Idan tsohuwar kalar mai duhu ce, a fara da farar firaima. Mai haya kuma ya nemi yardar mai gida tukuna.

Lokacin da ya fi daɗin aiki shi ne bayan ɗaukewar damina, kafin ƙura ta sauko. A tsakiyar damina fenti yana jinkirin bushewa a wurin da ba iska. A hunturu kuma yana bushewa da sauri har sawun rola ya fito, ƙura tana manne masa, don haka a yayyafa ruwa a share gidan kafin a fara, a rufe tagogin da iska ke bugowa ta cikinsu. Masu son a gama kafin Sallah ko biki su fara da wuri, gaggawa ce ke sa a ɗora shafa ta biyu a kan wadda ba ta bushe ba.

A shimfiɗa leda a ƙasa, a rufe makunnai da hannun ƙofofi da tef ɗin takarda. A fara da silin, sai bango, ƙofofi da firam su zo ƙarshe. A bi gefe-gefe da buroshi, a bi da rola tun gefen bai bushe ba, kuma in an kama dogon bango a kai shi ƙarshe ba tare da an tsaya a tsakiya ba. Mai fenti ya yi aiki da fitila mai ƙarfi a hannu, don a duhu ba ya ganin inda ya tsallake. Fentin ruwa yakan so awa biyu zuwa huɗu kafin shafa ta biyu, na mai kuwa sai washegari. Tunda babu taga, a buɗe ƙofofin ɗakuna a kafa fanka a baki ɗaya tana tura iska waje. Mai juna biyu, jariri da mai asma su kwana a wani sashe har warin ya fita.

Ko da bangon ya bushe a hannu, kada a wanke shi sai ya yi kamar mako biyu zuwa uku, lokacin ya gama ƙarfi. Daga nan tsumma mai laushi da ɗan ruwan sabulu sun isa, ba a sa soson ƙarfe. Ragowar fentin a juye shi a ƙaramin mazubi mai murfi, a rufe gam, a rubuta sunan kamfani da lambar kalar a jiki, a ajiye inda rana ba ta dukansa, don ranar da za a shigo da sabon gado ƙafarsa ta kuje bango.